Karbon ɗin da Yaya Lawali Bai Ƙona Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fita da Yaya Lawali daga gidansa na Tasawa, mu mata muka tsaya a tsakar gida muna kallon ƙofa. Da damina ne, gero ya kai gwiwa. Har yau in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwa sai ranar ta dawo mini. Amma ba kuka na zo yi a shafin nan ba. Na yi kukan da zan yi. Akwai wani labari da ya ce in riƙe har sai shi da sauran manyan da ke ciki sun bar duniya. Bara na ji rasuwar na ƙarshensu, Allah ya jiƙansa. Yau zan faɗa, kuma labari ne da in na tuna shi dariya ke fara zo mini kafin hawaye.

Yaya Lawali wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce auta. Sakatare ne mai buga takardu da mashin a wani biro, wato ofishi, na gwamnati a Mayahi, a zamanin da mutum kan waiga kafin ya yi magana a bakin kasuwa. Takardun sirri ta hannunsa suke bi. Shi ke bugawa, shi ke liƙe ambulan, kuma shi ke ƙona karbon ɗin a cikin wani tsohon gwangwani a bayan biro, ya tsaya a kai har ya zama toka. Ga yaran yanzu da ba su san karbon ba: wata baƙar takarda ce mai laushi da ake sawa tsakanin farare biyu, in an buga ta sama rubutun ya fito a ta ƙasa.

Ban taɓa ganin mutum mai riƙe baki kamarsa ba. Matarsa Habsu takan ce ta auri akwati ne, makullin kuma yana hannun gwamnati. In ya dawo aiki ta tambaye shi abin da ake ciki a gari, sai ya ce ana zafi. In ta matsa, ya ce jiya ma an yi. Lokacin da za a ƙara masa girma, a bakin mai nama muka ji. Mutane suka yi ta kawo masa goro don ya gaya musu wa za a canja wa wurin aiki, wa za a naɗa. Yakan karɓi goron ya yi godiya, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya har mai tambaya ya gaji ya tafi.

Ni a lokacin ina zaune a gidansa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida na tsaya, na koma ɗinkin fure a kan zanen gado da rigar matashin kai. Duk mai wannan sana'a a lokacin ta san darajar karbon, don da shi muke kwafe zanen fure a kan yadi kafin mu bi da zare. Yaya yakan kawo mini waɗanda suka tsufa, na takardun da ba na sirri ba, waɗanda aka buga a kansu har suka yi ƙyalli, harafi ya hau harafi ba mai iya karanta komai. Duk da haka ba ya miƙo mini ko ɗaya sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga shi ga rana ya duba. Layin da suke bayarwa dishi-dishi ne, sai na danna fensir har yatsana ya yi zafi.

Mutum na biyu a labarin nan shi ne Baba Nomau, mai ginar rijiya. Ƙauyensu yana arewa, kusa da Gidan Amumune, kuma ƙauyen mahaifiyarmu ne. Wanda ya san ƙasarmu ya san ruwa yana da nisa a ƙarƙashin rairayin nan. Baba Nomau ya yi shekaru yana ginar rijiyoyi daga ƙauye zuwa ƙauye, da rani kuma in an kira shi yakan ƙetare iyaka ya yi aiki a ƙasar Katsina. Bai yi lakwal ba, bai yi nisa a allo ba, amma yana da wata ɗabi'a. Duk inda ya gina rijiya sai ya zana ta a takarda: da'ira ita ce rijiya, layuka a gefenta su ne yawan gaba kafin a kai ruwa, ya zana hanya, ya zana itatuwan gawo da suri, ya sa alama inda ya tarar da dutse ko ruwa mai ɗaci. Takardun a cikin jakar fata suke, ba ya rabuwa da ita. Yaya Lawali ne ma yake ba shi ragowar takarda da fensir in ya shigo Mayahi ran kasuwa.

Wani ya ga takardun nan ya kai rahoto. Ban san ko wane ne ba, kuma na daina son sani. Ya ce akwai tsoho mai yawo ƙauyuka yana zana hanyoyi, yana ƙetare iyaka da su, ɗan leƙen asiri ne. A zamanin wannan kalma ta isa a ɗauke mutum a mota, iyalinsa su yi shekara ba su san inda yake ba. Umarni ya zo daga sama cewa a kama shi. Shugaban biro, wanda kowa ke kira Kumandan, ya ba Yaya takardar ya buga wa jandarmomi, 'yan sandan karkara: a kama Nomau ranar kasuwar Gidan Amumune, da jakarsa. Daga baya Yaya ya gaya mini ya buɗe baki ya ce ya san mutumin. Kumandan ya amsa cewa shi ma ba da son ransa ba ne, umarni ne, a buga kawai. Ya buga.

Ranar da azahar ya dawo gida cin abinci, abin da ba kullum yake yi ba. Ina zaune a inuwar iccen bedi da farin yadin rigar matashin kai a cinyata. Ya zaro karbon ɗaya daga aljihun rigarsa ya ajiye mini a kan tabarma. Bai ɗaga shi ga rana ba. Ya ce, “Ga wannan. Ki dube shi da kyau.” Ya je ya zauna gaban kwanonsa.

Ni kuwa na ga karbon sabo fil, baƙi wuluk, irin wanda ban taɓa samu ba. Murna ta kama ni. Na shimfiɗa shi a kan yadin, na ɗora zanen furena a sama, na fara bi da fensir. Layi ya fito raɗau. Na kira Habsu ta zo ta gani. Muka yi ta yaba shi. Yaya yana zaune, tuwo a hannunsa ya kasa kai wa baki, gumi na zubo masa. Na kai rabin furen sai na ji ya ce, a hankali kamar mai ciwon haƙori, “Barira, lakwal ɗin da aka sa ki shekara shida, don zanen fure ne kawai?”

Na ɗago na dube shi. Ya wanke hannu ya fita, bai ci ko loma uku ba.

Sai a lokacin na ɗaga karbon ga rana, kamar yadda na saba ganin yana yi. Sau ɗaya tak aka buga a kansa, kowane harafi a tsaye. Fensir ɗina ya ratsa wasu layukan da ganyen fure, amma abin da ya rage ya isa. Faransancina ba mai yawa ba ne. Na gane sunan Baba Nomau, na gane sunan ƙauyen, na gane ranar, na gane jandarma, na kuma gane kalmar kamawa. Kwana biyar suka rage. Na karanta wa Habsu. Ta ce, “To, akwatin ya buɗe. Tashi ki nemo mana mai amalanke.”

Da safe muka ce za mu gaida dangin Inna. Yaya yana ɗaura agogo ya ce mu gaishe su, ko kallonmu bai yi ba. Muka hau amalanken shanu, karbon yana naɗe a cikin ɗankwalina. Duk hanya ina jin kamar kowa na ganinsa ta cikin kaina. In muka wuce mai jaki sai in sunkuyar da kai. Habsu kuwa sai cin gyaɗa take tana yi wa mai amalanke tsiya wai shanunsa sun fi shi tsufa. Na shirya yadda zan yi: in ja Baba Nomau gefe, bayan wani rumbu, in raɗa masa a kunne, ba wanda zai ji.

Da la'asar muka isa. Aka ce yana wurin sabuwar rijiyar da yake ginawa a gabas da gari. Muka tarar da maza a kan igiya suna jawo ƙasa, mata da yawa a tsaye suna jira, don tun safe ƙasar da ke fitowa ta fara danshi. Baba Nomau yana can ƙasa, gaba ashirin da wani abu. Na ce a fito da shi, magana ce ta gaggawa. Aka leƙa aka faɗa masa. Ya ce ko Inna ce ta dawo daga lahira sai ta jira, shi ba ya barin rijiya ranar da take shirin magana. Na ce ba zan iya jira ba. Ya ce to in faɗa daga nan, yana ji.

Ba ya ji. Kunnensa ɗaya ya daɗe da mutuwa. Na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar na raɗa, ya ce, “Mi?” Na ɗan ɗaga murya, ya ce, “Mi?” Habsu ta ce, “Ke, ki faɗa masa yadda zai ji, in ba haka ba a nan za mu yi sallar layya.” Na cika ƙirjina da iska na kwarara cewa jandarmomi za su kama shi ran kasuwa, an ce shi ɗan leƙen asiri ne. Rijiyar ta ɗauki maganar ta juya ta, ta dawo da ita sama da ƙarfi ninki biyu. Asirin gwamnati, wanda wana ya yi shekara goma sha biyar yana ƙonawa a gwangwani, har masu kiwon awaki a bayan gari sun ji shi.

Can sai muryarsa ta taso daga ƙasa: “Ɗiyata, gidan kason nan, suna da rijiya?” Na ce ban sani ba. Ya ce, “To a saki guga, na ga ruwa.”

Haka aka yi. Gugan da ya fito da laka ya fito, na bayansa da ruwa ja. Mata suka rangaɗa guɗa, wasu suna guɗa suna share hawaye, ba ka san na ruwan ba ne ko na labarin. Da aka fito da shi, jikinsa duk laka, mutane suka kewaye shi kowa na cewa ya gudu Katsina tun yau. Ya ce in ya gudu ya zama abin da aka ce shi ne, kuma wa zai ɗaure bakin rijiyar nan kafin ta rufta. Mai gari, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce tunda dai kowa ya ji, ba sauran abin ɓoyewa, gara su je da ƙafarsu kafin a zo da mota. Ya aika mahaya zuwa ƙauyukan da Baba Nomau ya yi wa rijiya.

Ana gobe kasuwar Gidan Amumune suka shigo Mayahi da hantsi. Ni da Habsu mun riga mun dawo, muka tsaya daga nesa a gindin wata goruba muna kallo. Amalanke bayan amalanke, kowanne da mai gari ko wakilinsa, kowanne da gora ɗaya cike da ruwan rijiyarsu. Suka jera gorunan a barandar biro. Baba Nomau ya sa rigarsa ta salla, ya rataya jakarsa. Kumandan ya fito yana tambayar ko lafiya. Mai garin ya ce, “Ranka shi daɗe, mun ji ana neman takardun Nomau, shi ne muka kawo su da shaidunsu.”

Aka shimfiɗa takardun a kan tebur, aka danne da duwatsu. Baba Nomau ya riƙa nuna da'ira da yatsa, yana faɗin sunan ƙauye da yawan gaba, mai ƙauyen ya ɗaga gorarsa ya ce ga ruwan. Akwai wani zane mai ɗigo-ɗigo da yawa a jere, wanda mai rahoto ya ce sansanin soja ne. Baba Nomau ya ce suri ne, gidajen gara, kuma duk inda suka yi layi haka ruwa ba ya nisa. Waɗanda suke kusa sun ce Kumandan ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Ya sa aka kawo moɗa ya ɗanɗana ruwan gora uku ko huɗu. Ya ce su koma gida, zai rubuta sama, kuma kada Nomau ya bar ƙasar sai amsa ta zo. Ya roƙi a bar masa takardun ya sa a kwafe su, don biron kansa ba shi da irinsu. Ran kasuwa ba motar da ta je. Bayan 'yan makonni amsa ta zo cewa a bar maganar.

Saura wana. Kowa ya san takarda ba ta da ƙafa. Kumandan ya san mutum biyu ne suka ga umarnin kafin a liƙe shi. Yaya bai jira a kira shi ba. Da amalankun suka juya, ya shiga ya tsaya gaban tebur ya ce shi ne, ya faɗi yadda ya yi, bai ambaci sunana ba. Kumandan ya daɗe yana kallonsa. Ya ce ya ji daɗi ba a ɗaure marar laifi da hannunsa ba, amma ba zai ƙara ba shi takardar sirri ba, kuma ba zai iya ba. Yaya ya ce gaskiya ne, shi ma da shi ne haka zai yi. Aka cire shi daga wurin, aka mai da shi Tasawa, sashen takardun haihuwa. Ƙarin girma bai sake zuwa ba har ya ajiye aiki. Waɗanda suka shiga aiki a bayansa suka wuce shi, wasu har mota.

Ranar da ya dawo gida da labarin canjin, ya miƙo mini hannu. Na kwance ɗankwali na ba shi karbon. Ya sa shi a murhu ƙarƙashin tukunyar miya, ya tsaya a kai har ya zama toka. Sannan ya ce ya ji an ce muryata ta kai Gidan Amumune ba tare da waya ba. Habsu ta faɗi a kan tabarma don dariya. Shi ma ya yi, irin dariyar da ban taɓa ji daga gare shi ba, har da riƙe ciki.

Na daɗe ina jin nauyin abin a raina, ina ganin da na iya raɗa da bai rasa wurinsa ba. Ya ce ko na raɗa zai je ya faɗa, don ba zai iya zama a kan kujerar amana yana ɓoye abin da ya yi ba. Kuma Tasawa ta karɓe shi. A can na ga wani Yaya Lawali daban, mai hira, mai tsokanar masu jego da sunayen da suka zaɓa. Yakan ce bai taɓa aiki mai daɗi irin wannan ba, don yanzu duk abin da ya buga, mai shi so yake duniya ta ji.

Yau mashin ɗin ya zama kayan tarihi, karbon kuma sai a wurin masu rasit. Jikokinsa kan miƙo mini waya su nuna mini takardar gwamnati da hatiminta da sa hannu, wai an fitar da ita tun kafin ta isa wurin wanda aka rubuta wa. Wani lokaci ta gaskiya ce, wani lokaci ƙirƙira ce, kuma ba mai cewa shi ya fitar. A rediyo muna jin labarin ma'aikata a manyan ƙasashe da suka kwashi takardun sirri masu yawa suka watsa, wasu na ce musu jarumai, wasu na ce musu maciya amana. Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce. Ban isa in sa masa magana a baki ba, shi da bai cika yin ta ba. Amma na tuna sau ɗaya, yana kwance a ciwonsa na ƙarshe, aka yi irin wannan labari a rediyo. Ya saurara har aka gama. Ya tambaye ni ko an faɗi wanda ya tsira saboda abin. Na ce ban ji ba. Ya tambaya ko mutumin ya tsaya ya ce shi ne. Na ce ban sani ba. Ya ce to shi ma bai san abin da zai ce ba, a ba shi ruwa.

Ba na son wani ma'aikaci ya karanta wannan ya ce Barira ta ba shi izini. Wana bai ɗauki abin da ya yi da sauƙi ba. Har ya rasu yana cewa ya karya alkawarin da ya ɗauka ranar da aka ba shi aiki, yana neman gafara a kai, kuma yana cewa da ranar za ta dawo zai sake. Duka biyun ya riƙe, bai bar ɗaya ya kori ɗaya ba. Karbon da ya ƙona ba su ƙirguwa. Guda ɗaya ya fitar, saboda wani tsoho da ya san abin da ke cikin jakarsa, kuma ya biya da kujerarsa.

Bayan sallar da ta wuce na sa ɗan kabu-kabu ya kai ni ƙauyen. Baba Nomau ya daɗe da rasuwa, a ɗakinsa, cikin jikokinsa. Rijiyar tana nan, an yi mata baki na siminti. Na tarar da 'yan mata suna jan ruwa, ba wadda ta san ni. Na roƙi moɗa ɗaya na sha. Na leƙa ciki na yi sallama a hankali, ta dawo mini da ita da ƙarfi, har yaran suka yi dariya suna tambayar ko Hajiya ta yi ajiya a ciki. Na ce na taɓa yi, an daɗe da ɗauka.

Rigar matashin nan kuwa na ƙarasa ta. Rabin furen da na zana da karbon ɗin ya fito daidai, sauran rabin da ido na yi shi, ya karkace kamar wanda akuya ta ci gefe. Na so in jefar, Yaya ya karɓe. A kanta ya kwana shekara da shekaru, a kanta kansa yake ranar da ya cika. Habsu ta ba ni ita bayan an yi arba'in. Zaren ya koɗe, yadin ya yi laushi har ana ganin hannu ta ciki. Wani lokaci nakan fito da ita bakin ƙofa in ɗaga ta ga rana, kamar yadda yake yi. Ba abin da ke rubuce a jiki. Allah ya sanyaya makwancinka, Yaya, kamar ruwan da na sha a ƙauyen Inna.